Shekara bakwai ina koyarwa, an ce ni ba malami ba ne

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Anguwar Rogo ne a Jos. Ina da digiri a Fiziks, kuma shekara bakwai ke nan ina koyar da lissafi da Fiziks a wata makarantar kuɗi. Kwanan baya mai makarantar ya ce kowa ya kawo takardar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Da na je tambaya sai aka ce digirina ba na koyarwa ba ne, ba za a yi mini rajista ba. Maiɗakina kuwa NCE gare ta daga kwalejin ilimi ta Gindiri, tana da rajistar, tana koyarwa a firamaren gwamnati, amma shekara shida tana matakin albashi na bakwai ba ta motsa ba. Ni da ba ni da takardar an ce ba malami ba ne, ita da take da ita ba ta ci gaba ba. To mene ne amfaninta, kuma ta ina za mu ɓullo?"

Wa'alaikumus salam Malam. Tambaya biyu ka ɗaure da igiya ɗaya, shi ya sa lissafin ya ƙi fita. Rajistar TRCN ƙofa ce, ƙarin girma wata ƙofar ce dabam, kuma makullansu ba a hannun mutum ɗaya suke ba. Hukumar rajistar malamai ita ke cewa wane malami ne a idon doka, wane ba malami ba ne. Wanda ya ɗauke ka aiki, ko gwamnati ko mai makaranta, shi ke cewa wane zai hau mataki na gaba. Kai ka maƙale a ƙofar farko, Malama, wato maiɗakinka, ta wuce ta, ta maƙale a ta biyu. Na bi ta dukkansu biyun, domin da takardar Gired Tu, tsohuwar takardar koyarwa da ke ƙasa da NCE, na fara riƙe alli, na yi NCE ina kan aiki, na yi digiri a karatun hutu, daga baya na shugabanci makaranta na kuma zauna a teburin da ake duba fayilolin malamai. Daga nan zan ba ka amsa.

Dalilin da aka mayar da kai

Abin ya samo asali tun 1976, lokacin da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE. Yara suka cika azuzuwa, malamai suka yi kaɗan, aka riƙa ɗaukar duk wanda ya iya karatu da rubutu a ba shi aji. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, don a horar da waɗanda aka riga aka tura aji. Tun daga lokacin koyarwa ta zama aikin da ake raɓawa kafin a sami na gaske, irin na wanda ya gama bautar ƙasa yana jiran kiran banki ko na kwastan. Don a toshe wannan aka mayar da NCE mafi ƙarancin takardar da za a shiga aji da ita, aka daina karɓar Gired Tu, aka kuma kafa TRCN da doka ta 31 ta shekarar 1993, kodayake sai wajen 2000 ta fara aiki sosai. Manufar ita ce koyarwa ta zama kamar aikin likita ko lauya: akwai rajista, akwai lasisi, akwai kwamitin ladabtarwa da zai iya cire sunan mutum. Dokar ma ta tanadi tarar naira dubu biyar ko ɗaurin shekara biyu ga wanda ya yi koyarwa ba rajista. A zamanin minista Adamu Adamu an sa ranar 31 ga Disamba 2019 a matsayin wa'adin fitar da marasa takarda daga aji. Wa'adin ya zo ya wuce, ni dai ban ga an ɗaure kowa a garin nan ba. Amma tun daga lokacin masu makarantun kuɗi suka fara jin tsoron ranar da masu duba makarantu za su zo su ce a kawo fayilolin malamai, kuma ina kyautata zaton abin da ya tayar da mai makarantarku ke nan.

Hukumar ta kasa malamai gida huɗu. Rukunin D na masu NCE ne, nan Malama take. Rukunin C na masu digirin farko ne a fannin ilimi, ko masu wani digirin ko HND da suka ƙara da difilomar koyarwa. B na masu digiri na biyu, A na masu digirin digirgir, su ma da sharaɗin akwai takardar koyarwa a ciki. Ka ga ko farfesa ne a Fiziks, in bai taɓa karanta ilimin koyarwa ba, amsar da aka ba ka ita za a ba shi.

Na san abin da ciwo. Mutum ya yi shekara bakwai yana shan ƙurar alli, ɗalibansa suna cin WAEC, a ce masa ba malami ba. Amma bari in ba ka labarin da ya sa ban goyi bayan masu cewa takardar banza ce ba. Ina shugaban makaranta aka turo mana wani matashi mai digirin lissafi, kansa na ja ƙwarai. Wata safiya cikin hunturu, irin sanyin Jos ɗin nan da yara ke zama hannuwa cikin rigar sanyi, na zauna a bayan ajinsa na ƙaramar sakandare yana koyar da tara rabi da sulusi. Ya cika allo da aiki mai kyau, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa, "E, Malam." Da ya ba da aiki na zagaya ina leƙa littattafai, sai na ga fiye da rabin ajin sun rubuta biyu bisa biyar: sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Shi bai san yara suna wannan kuskuren ba, domin shi bai taɓa yinsa ba. Washegari na roƙi wata dattijuwar malama mai NCE ta shiga ajin. Ta zo da lemo biyu da wuƙa a jakarta, ta yanka ɗaya biyu, ɗaya uku, ta ɗaga rabi ta ce, "Wanda ya ce in an ƙara wa wannan wani abu zai koma ƙasa da rabi, ya ɗaga hannu." Ajin ya yi tsit, can wata yarinya ta fashe da dariya, ta gano abin da ta rubuta jiya. Abin da dattijuwar nan ta sani shi ake ƙoƙarin koyarwa a kwas ɗin ilimi. Ba kowa ke fitowa da shi ba, na yarda, kuma mai yiwuwa shekara bakwai sun riga sun koya maka rabinsa. Sai dai hukuma ba ta da hanyar auna abin da ka koya kai kaɗai a aji, takarda take iya gani.

Abin da za ka yi

Hanyarka gajera ce. Ka nemi PGDE, difilomar koyarwa ta masu digiri. Zango biyu ce ga mai yin ta gaba ɗaya, takan ɗan fi haka ga mai yin ta a ƙarshen mako. Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Jos tana nan kusa da kai, NTI tana da cibiyoyin karatu da ake zuwa a ƙarshen mako, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN ma tana da cibiya a Jos. Akwai kuma PDE da wasu kwalejojin ilimi ke bayarwa, ita ma hukumar tana karɓa. Ga mai aiki a makarantar kuɗi, wanda in ya yi fashin kwana uku za a yanke masa albashi, na ƙarshen mako ya fi. Abu ɗaya kawai: kafin ka biya ko kwabo, ka je ofishin TRCN na jiha ka tambaya ko suna karɓar takardar wannan cibiyar. Akwai masu buɗe aji a bayan shago su ce suna da alaƙa da wata jami'a, sai an gama a gane alaƙar a baki take.

A cikin kwas ɗin akwai koyarwar gwaji, wadda malamai ke kira TP. Kada girman kai ya sa ka raina ta don ka daɗe a aji. Yawanci akan bar mai aiki ya yi ta a makarantarsa, malamin jami'a ya zo ya zauna a baya ya duba shirin darasinka da yadda kake tafiyar da aji. Wataƙila wannan ne karo na farko da wani zai kalli koyarwarka don ya gyara maka, maimakon ya ƙirga ko ka cika awanninka.

Da sakamako ya fito sai jarrabawar hukumar, PQE, wadda aka fara a 2017. Kafin nan takardu kawai ake kaiwa a biya kuɗi a sami rajista, shi ya sa za ka ji tsofaffin malamai suna cewa su ba su rubuta komai ba. A kwamfuta ake yin ta, tambaya da zaɓin amsa. Ba Fiziks za a tambaye ka ba. Dabarun koyarwa ne, da Turanci, da lissafi na yau da kullum, da sanin kwamfuta, da ladubban aiki da kare yara. An sha yi wa manhajarta gyara, kuɗin ma yana sauyawa bisa rukuni, don haka ka ɗauko na shekarar da za ka rubuta daga shafin hukumar, kada ka dogara da tsofaffin tambayoyin da ake sayarwa a kasuwar Taminus. A abin da na gani, kwamfuta ta fi kayar da mutane fiye da tambayoyin. Na taɓa raka wata malama da ta shekara ashirin tana aji ɗaya na firamare, ta san amsoshin sarai, amma linzamin kwamfutar ya ƙi mata, tana dannawa yana zamewa, lokaci ya ƙare tana tsakiya. A zama na biyu ɗanta ya zaunar da ita sati biyu a kafe, ta ci. Kai wannan ba zai dame ka ba, amma ka faɗa wa abokan aikinka.

Sai maganar suna, wadda ta fi kowace jawo wa mutanenmu wahala. Sakamakon sakandare ya ce Mohammed, digiri ya ce Muhammad, katin NIN ya ce Muhammed kuma ya sa sunan kaka a gaba. Ranar haihuwa ma wani lokacin biyu ce. Ka shimfiɗa takardunka duka a tabarma yau da daddare ka gwada su harafi da harafi. In akwai saɓani, ka yi takardar rantsuwa a kotu tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

In ka ci, takardu biyu za ka karɓa. Takardar rajista sau ɗaya ake yin ta. Lasisi kuwa shekara uku yake yi a sabunta, kuma ana so mutum ya nuna ya halarci bitoci na ƙara wa juna sani a tsakani. Malamai da yawa sun karɓi lasisin farko sun jefa a akwati, ya mutu ba su sani ba. Ka tambayi Malama yaushe ta sabunta nata.

Ka tambayi amfaninta. Ba zan ruɗe ka ba, ranar da ka kai wa mai makaranta takardar, da wuya ya ƙara maka naira ɗaya, domin babu dokar da ta tilasta masa. Amfanin yana wajen fita. In gwamnatin jiha ko ta tarayya ta buɗe ɗaukar malamai, lambar TRCN tana cikin abin da ake nema, kuma malamin Fiziks mai takardar koyarwa ba shi da yawa a kasuwa. Manyan makarantun kuɗi na unguwar Rayfield a nan Jos da na Abuja su ma suna tambaya. Har waje: a Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya na lissafi da kimiyya da wasu harsuna damar neman shaidar koyarwa ta can, kuma sai da wasiƙar TRCN mai tabbatar da cewa mutum malami ne mai rajista ake duba takardunsa. Ba cewa nake ka tafi ba, muna buƙatarka a nan. Ina nuna maka inda takardar take kaiwa ne.

Matakin Malama

Nan ne zancen ya fi tsawo, kuma ban ga fayil ɗinta ba, don haka abin da na saba gani zan faɗa, ku gwada da nata.

A ƙa'idar aikin gwamnati mai NCE yana shiga a mataki na bakwai, mai digiri a na takwas. Bayan shekara biyu na gwaji akan ba mutum takardar tabbatar da shi a aiki. Daga mataki na bakwai zuwa na sha huɗu, shekara uku ake yi a kowane mataki kafin a cancanci na gaba, daga sha biyar zuwa sama shekara huɗu. Babu mataki na sha ɗaya, daga goma sai sha biyu. Wannan tsarin tarayya ne, jihohi suna bin sa da 'yan gyare-gyarensu. In ka lissafa, shekara shida ya kamata a ce Malama ta taka na tara ko tana bakinsa. Mataki biyu ke nan take bi bashi.

Me ke hana shi? Na farko, kuma shi ne ya fi yawa, kuɗi. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Ƙarin girma ga malamai dubbai yana nufin ƙarin albashi kowane wata, sai a yi ta ɗage shi. Wani lokacin a ba da takardar ƙarin girman amma albashi bai canza ba, malamai su ce sun sami girma na takarda, ana bin ariyas shekara da shekaru. Ba a jiha ɗaya abin yake ba. A Abuja ma, inda ake ganin kuɗi yake, malaman firamare sun yi yajin aiki fiye da wata uku a 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu saba'in da bashin da suke bi. In matsalar Malama irin wannan ce, wato duk waɗanda aka ɗauka tare da ita suna nan a bakwai, to ba abin da za ta yi ita kaɗai. Maganar ƙungiyar malamai ce, NUT, wadda ake cire mata kuɗi a albashinta kowane wata. Ta riƙa zuwa taron reshe tana tambaya da bakinta.

In kuwa 'yan shekararta sun wuce sun bar ta, to matsalar tana cikin fayil, kuma wannan tana iya gyarawa. Sau da yawa na buɗe fayil na tarar babu takardar tabbatarwa a aiki, mutum yana ta jira, bai san har yanzu a matsayin ɗan gwaji yake ba. Ko babu fom ɗin APER na shekara uku a jere, wato fom ɗin da malami ke cikewa kowace shekara hedimasta ya sa masa maki ya sa hannu. Ko an yi mata canjin makaranta fayil bai bi ta ba. Ko an yi jarrabawar ƙarin girma tana hutun haihuwa ba wanda ya gaya mata. Ta shirya ta je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarta da kanta, da ladabi, ta nemi a duba mata abin da ya rage a fayil. Kada ta aika, kada kuma ta ba kowa kuɗin goro don a "taimaka". Wanda ya karɓa sau ɗaya zai so fayil ɗin ya sake ɓata.

Amma ko an biya ta duk matakan da take bi, akwai rufi a samanta. Mai NCE, a tsarin da aka fi bi, yana tsayawa a mataki na sha huɗu. In komai ya tafi daidai, shekara sha takwas za ta kai can. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki, a inda aka fara aiki da ita. Ka ga mutum zai iya shafe fiye da rabin aikinsa a mataki ɗaya, yana kallon yaran da ya koyar suna wuce shi. Mai digiri kuwa hanyarsa a buɗe take zuwa sha biyar da sama in akwai gurbi, kuma shi ake fara dubawa wajen naɗa shugaban makaranta ko mai duba makarantu. Don haka digiri ya zama dole gare ta, kuma tun yara suna ƙanana ya fi sauƙi a kan lokacin da kuɗin makarantarsu zai taso. Da NCE ana shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Akwai karatun hutu da ake yi lokacin dogon hutu, akwai na ƙarshen mako. Ga Jami'ar Jos, ga makarantar horar da malamai ta Pankshin, kuma dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu.

A nan ne nake so ta saurare ni da kyau, domin na ga hawaye a kan wannan. Wani malami da ya yi aiki a ƙarƙashina ya yi shekara biyar yana karatu a ɓoye, yana cin bashi, yana hawa motar haya kowace Juma'a da yamma. Ya kawo digirinsa a leda yana murmushi. Aka buɗe fayil babu takardar izinin tafiya karatu. Aka duba digirin, a harkar mulki ya yi shi, don shi ne gurbin da ya samu. Aka ce masa ba a san da karatun ba, kuma ba fannin koyarwa ba ne, ba za a mayar da shi layin masu digiri ba. Sai da ya koma ya yi PGDE, ya yi ta rubuta takardun roƙo, kafin a duba shi, shekara uku sun tafi. Saboda haka Malama ta fara rubuta takardar neman izini ta hannun hedimasta kafin ta sayi fom, ta jira amsa a rubuce. Ta zaɓi digirin ilimi a darasin da ta yi a NCE, ko ilimin firamare. In ta gama ta rubuta neman a mayar da ita layin masu digiri, ta kuma je TRCN a ɗaga ta daga rukunin D zuwa C, domin ba ya sauyawa da kansa.

Tunda aljihu ɗaya ne a gidan, ga yadda zan tsara in ni ne. Kai ka fara, domin naka shekara ɗaya ne da 'yan watanni, kuma aikinka ne ke cikin haɗari yanzu. Ka kai wa mai makaranta takardar shigarka PGDE, yawancinsu suna ɗaga ƙafa in sun ga an fara. A cikin wannan shekarar Malama ta gyara fayil, ta sabunta lasisi, ta shigar da takardar neman izini, wadda dama takan ɗauki watanni kafin ta fito. Lokacin da za ka rubuta jarrabawar hukumar, ita kuma tana sayen fom. Duk takardar da za ta miƙa a ofis ta yi kwafi biyu, a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, ta dawo da shi gida. Nawa suna cikin wata tsohuwar jakar fata a ƙarƙashin gado, tun daga takardar ɗaukata aiki, kuma da na zo ritaya aka ce ba a ga takardar ƙarin girmana na mataki na goma ba, daga cikinta na zaro kwafin na miƙa.